Lens Ɗin Da Na Saya Don In Saci Hoton Babana

Daga Admin: Wani ɗan'uwa ne daga cikin zauren nan ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana, kuma don Allah ban da zagi.

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto, manyanmu da ƙananmu. Shawara na zo roƙo, don girman Allah ku taimake ni da ita. Tun farko ina neman afuwarku, domin cikin waɗanda na yi wa ƙarya a wannan labari har da ku kanku. Rubutun zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, wata uku ke nan abin yana cina ban gaya wa kowa ba, ko matata ba ta sani ba.

Ni mai hoto ne, ina da ɗan shago a Ƙanƙara, amma gidanmu a Ketare yake, can iyayena suke. Aikina bai wuce wanda kuka sani ba, biki, suna, walimar sauka, fasfo na 'yan makaranta. Farkon daminar bara ina dawowa daga wani suna a Mairuwa, babur ya zame da ni a taɓo. Ni ban ji ciwo ba, kyamara ma ta tsira, amma lens ɗin da ta zo da shi, wato gilashin gabanta, ɗan 18-55 ɗin nan, ya tashi daga aiki, zoben zum ɗinsa, wanda ake murɗawa a jawo na nesa, ya cije, ba ya gaba ba ya baya. To mai hoto ba lens ai ya zama ɗan kallo, sai na shigo zauren nan na tambaya, na ce ina neman lens mai zum, mai sauƙin kuɗi, wanda zan ɗaura in bar shi a jikin kyamara in yi aikin yau da kullum. Na ce guda biyu nake dubawa, 17-50 mai buɗaɗɗen ido, da 18-200 mai dogon zum. Wataƙila wasunku su tuna tambayar, in kun gane ni don Allah ku rufa mini asiri.

Kusan kowa gajeren ya ce in saya. Akwai wani dattijo a nan da duk muke ganin girmansa, ya zauna ya yi mini bayani mai tsawo kamar ɗansa. Ya ce in tuna inda nake aiki, ɗakunan amarenmu ƙanana ne, taga ɗaya, wuta kuwa sai ranar da aka ga dama, gajeren shi ne ke shan haske a irin wannan wuri. Ya ce dogon yana da daɗin riƙewa don yana jawo na nesa, amma a ɗaki mai duhu rago ne, kuma idan ka ja zum ɗinsa har ƙarshe hoton laushi yake yi, fuska ba ta fita sosai. Ku riƙe wannan magana tasa, zan dawo kanta.

Na tafi Kano da niyyar bin shawararku, wallahi da wannan niyyar na hau mota. Mai shagon ya fito mini da su biyun, duk na hannu ne, kuɗinsu kusan ɗaya, abin da ke aljihuna kuma na guda ne. Na ɗaura gajeren na ɗauki cikin shagon da duhunsa, hoto ya fito tar, har na ce a sa mini a leda. Sai mutumin nan, da alama dogon ya daɗe a hannunsa yana neman kai da shi, ya ce in dai gwada ɗayan ko don in ga ikon Allah. Ya ja ni bakin ƙofa, ya nuna mini wani tsoho mai rake can tsallaken titi, ya ce in ja zum. Na ja. Sai ga tsohon nan a gabana kamar in miƙa hannu in taɓa shi, ina ganin furfurar gemunsa, ina ganin yadda yake motsa baki yana fere rake, shi kuwa bai san ana yi ba. Mai shago yana ta zuba, wai da wannan ba sai ka matsa kusa da mutum ba, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Shi tallarsa yake yi, bai san inda maganar ta sauka ba. Ni ina kallon mai rake, amma Babana ne ya faɗo mini a rai. Na ce a mai da gajeren, a ba ni dogon.

Da na dawo na shigo nan na ce ai na ɗauki 18-200 ne saboda ina yawan ɗaukar ƙwallo da taron wa'azi daga nesa. Ƙarya ce. Ni ko sau ɗaya ban taɓa ɗaukar ƙwallo ba, ban ma san dokokinta ba. Dattijon nan ya ce to Allah ya sa alheri, kowa ya fi sanin aikinsa. Dattijo, in kana karantawa, ka yafe mini.

Yanzu bari in gaya muku dalili. Mahaifina manomi ne, kuma tun da na buɗe ido na san shi bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Kada wani ya ɗauka tsananin malanta ne, a'a, bai taɓa cewa hoto haramun ne ba, shi ne ma ya sayar da ɗan maraƙinsa ya cika mini na sayi kyamarata ta farko. Dalilinsa daban ne. Yana da wa guda ɗaya, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Funtuwa tun Baba yana saurayi. Wan nan nasa ya taɓa shiga shagon hoto ya ɗauki guda ɗaya, da agogo a hannu da hula a karkace, ya kawo wa mahaifiyarsu. Bayan rasuwarsa sai kakarmu ta mai da hoton nan abokin zama. Da safe ta ciro shi daga cikin kwalla ta zauna tana kallo tana kuka, ta bar kaɗi, ta bar zuwa biki, abinci ma sai an yi da gaske. Shekara biyu tana haka har idonta ya tafi, ba a daɗe ba ita ma ta bi ɗanta. Ranar sadakar bakwai ɗinta Baba ya ɗauko hoton ya jefa a murhu. Na san likita zai ce ba kuka ne ya makantar da ita ba, amma Baba har ya koma ga Allah yana da yaƙinin hoton nan ne ya kashe masa uwa.

Saboda haka bai da katin zaɓe, bai da katin ɗan ƙasa, layin wayarsa ma da sunana aka yi rajista. An taɓa rabon taki aka ce sai da hoto, ya ce su riƙe takinsu, ya koma ya ci gaba da kwasar na shanunsa. A bikin gidanmu kuwa abin har dariya yake ba mu, da ya ga an ɗaga waya sai ya juya baya, ko ya ɗaga hannun babbar riga ya rufe fuska. Muna da hoton ƙeyarsa ya fi goma. Jikoki sun sha gwadawa da waya, amma waya sai ka matso, shi kuwa Baba idonsa kamar na shaho, kafin ka danna ya riga ya gan ka.

Ranar da na kawo kyamarar farko gida ya kira ni zaure. Ya juya ta a hannu, ya sa albarka, sannan ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, “Auta, ka ɗauki duk wanda ka ga dama, ka ci abincinka, Allah shi sa albarka. Amma ban da ni. Ba ni son in bar ma uwarku abin da za ta zauna bisa tabarma tana ma kuka. In na tahi, ku yi mani addu'a, ku tashi ku kama noma. Ka yi mani alkawari.” Na ce na yi alkawari, Baba. Ya ce in ce Allah shaida. Na ce Allah shaida. Ba wanda ya tilasta ni, da bakina na faɗa, ina ma 'yar dariya a lokacin, don gani nake rigimar tsofaffi ce kawai.

Shekara bakwai na riƙe wannan alkawari. Abin da ya fara girgiza ni, ranin da ya gabaci sayen lens ɗin, Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, aka ce hawan jini ne. Ya warke ya koma gona kamar ba shi ba, amma ni hankalina bai koma daidai ba. Ku da kuke wannan sana'a kun san mutanen da ke zuwa mana bayan an yi rasuwa. Mutum ya shigo da ɗan fasfo wanda ruwa ya cinye rabinsa, ya kwance shi daga cikin ƙyalle a hankali, ya ce don Allah a ƙara masa girma, shi kaɗai ya rage. Akwai wani dattijo daga Faskari da ya kawo mini katin zaɓen matarsa, da na wanke masa babba ya zauna a bencina ya kasa tashi. Duk sanda irin wannan ta faru sai in ce a raina, mu ko wannan ɗan katin ba mu da shi.

Amma kada in wanke kaina da yawa. Ba tausayi kaɗai ba ne, akwai son zuciya a ciki. Fuskar Baba irin wadda kowane mai hoto ke nema ce, dogon mutum, baƙi, farin gemu, da wani tabo a gira da saniya ta taɓa yi masa. Ina zaune gabansa muna hira, ni kuwa ina lissafin ta ina haske ya fi dacewa da shi. Abin yana mini ciwo a ce na ɗauki iyayen kowa a Ƙanƙara, nawa ya gagare ni.

Haka na fara. Gonarmu ta nesa mun daina zuwa saboda halin da yankinmu ke ciki, sai ta bayan gari Baba yake nomawa, kuma akwai wata ɗorawa a gonar maƙwabcinmu da ke kallon tamu. In na zo Ketare sai in ce zan je aiki wani ƙauye, in ajiye babur a gidan wani abokina, in zagaya ta baya in laɓe a gindin ɗorawar nan. Ku duba rashin hankali, a wannan zamani da za a iya kashe mutum don kawai an gan shi laɓe a cikin gona da baƙin abu mai tsawo a hannu. Na ɗauke shi yana huɗa da shanu. Na ɗauke shi ya tsuguna yana alwala da 'yar butarsa. Na ɗauke shi ranar kasuwa daga saman wani shago, yana dariya da amininsa har da riƙe ciki. Na ɗauke shi yana gyangyaɗi a ƙofar zaure da rediyo a cinya. Daga farkon damina zuwa kaka na tara guda talatin da bakwai, a wani memori, wato katin ajiyar hotuna, na daban da ba na sa aikin kowa a ciki. Duk ranar da na ɗauka, da la'asar zan shigo gida in durƙusa in gaishe shi, ya tambaye ni ya aiki, in ce lafiya lau, ya ce Allah shi yi albarka. In ci tuwon gidansa in tafi.

Aikina na ainihi kuwa ya sha wahala, kamar yadda kuka faɗa. Akwai wata amarya a Mabai da hotunan ɗakinta suka fito dishi-dishi, uwarta ta zo har shago ta wanke ni tas, wai ta kashe kuɗi ta yi jere na mai da mata shi kamar ɗakin da aka yi gobara. Na ɗora laifin a kan rashin wuta. Na san gajeren lens da zai yi aikin nan ba gardama, amma na ba ta haƙuri kawai.

Rana ta ƙarshe lokacin yankan dawa ne. Baba yana can ƙarshen gona, nesa fiye da yadda na saba, yana ɗaure dami. Na ja zum har ƙarshensa, duk da haka ɗan ƙarami ya fito. Ina cikin saitawa sai na ga ya saki damin ya miƙe, ya juyo ta wajen ɗorawa, ya tsaya cak. Na danna sau ɗaya, ni kaina ban san dalili ba, hannu ne kawai ya saba, sannan na sunkuya na ja jiki na gudu kamar ɓarawon akuya. Ina tafe ina lallashin kaina, ai nisa ya yi yawa, wataƙila hanya yake dubawa, wataƙila wani ya kira shi.

Da yamma na shigo gida. Na same shi a tsakar gida yana shan fura, jakar kyamara tana kafaɗata. Ya dube ta, ya ce, “Auta, abin ga naka mai dogon baki, har ina shike gani?” Na ce ba nisa sosai, Baba. Ya kurɓi fura, ya ce, “To.” Shi ke nan abin da ya faɗa. Daga ranar ban sake ɗaukarsa ba, ban kuma buɗe hoton ƙarshen nan ba, tsoro ya hana ni. Ya rayu wata takwas bayan haka, bai taɓa tayar da maganar ba, bai canza mini fuska ba. Sau da yawa nakan zo da niyyar in faɗa masa in nemi gafara, in na zauna sai in ce bari sai wani zuwan. A daminar bana ya kwanta kwana uku, ranar na huɗu ya cika. Ina can Ƙanƙara ina ɗaukar walimar mutane aka bugo mini.

A zaman makoki ne na fara sanin abin da na jawo wa kaina. Ƙanin Inna, kawunmu, ya nuna ni a gaban mutane yana ba da labarin alkawarin nan, wai ga ɗan halak, sana'arsa hoto amma ubansa ya ce kada ya ɗauke shi kuma ya bi, a yaran yanzu wa zai iya. Mutane suna ta sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. A cikin gida kuma akasin haka na samu. Yayata da ke aure a Sabuwa ta tare ni a bayan rumbu tana kuka, ta ce ni ba ni da wayo kuma ba ni da tausayi, shekara nawa kyamara tana rataye a wuyana na kasa satar ko guda ɗaya, yanzu ɗan da ke cikinta zai taso bai san kamannin kakansa ba. Ta ce biyayyar da ba ta da amfani ga kowa ita ma wani nau'in wauta ce. Na tsaya tana faɗa ina ji, memorin yana cikin aljihun rigata. A waje ana yabona a kan abin da ban yi ba, a ciki ana zagina a kan rashin yin abin da na riga na yi.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa in ci gaba da rayuwata. Maganar Inna ce ta hana ni sukuni. Mahaifiyarmu tana da ciwon ido tun kafin rasuwar, hawan jinin ido, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce maganin ɗigawa jinkirtawa kawai yake yi, abin da ya tafi ba ya dawowa. Bara tana iya tsince shinkafa, bana ba ta iyawa. Yanzu in rana ta fito sosai kuma abu yana da girma, aka kawo shi kusa, tana gani. Ba wanda ya san wata nawa wannan ɗin zai ƙara.

Makonni uku da suka wuce na je gaishe ta, tana cikin takaba, ta sa aka fita aka bar mu. Ta ce tana yawan mafarkinsa, amma kullum baya yake ba ta, hularsa take gani da wuyansa, in ta kira shi zai juyo sai ta farka. Ta ce shekara arba'in da wani abu suna tare, yanzu in ta rufe ido tana neman fuskarsa sai ta ji muryarsa kawai. Sannan ta rage murya kamar mai jin kunya, ta ce, “Auta, kai da ke aikin ga, ko na kuskure babu? Ko inda ya gitta bayan wani, ba da niyya ba? Ba kuka za ni yi ba. So nike in ƙara ganin shi sau guda tun idon ga bai ida rufewa ba.”

'Yan'uwa, na ce mata babu. Na dubi uwata na ce babu, Inna, ai kin san alkawarin da ya sa na yi. Ta laluba ta dafa kaina, ta ce, “Haka ne. Allah shi yi maka albarka, ka riƙe amanar ubanka.” Na fito na hau babur, ban kai bakin gari ba na tsaya na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Na ci amanar uba yana raye, yanzu kuma na yi wa uwa ƙarya don in rufe wancan.

Ranar ce na koma shago na rufe ƙofa na buɗe hotunan a kwamfuta, har da na ƙarshen da ban taɓa kalla ba. Na ƙara masa girma. Ba hanya Baba yake dubawa ba, cikin lens ɗin yake kallo, kai tsaye. Ya gan ni. Kuma ba wannan kaɗai ba, tsayuwar da ya yi ce ta fi tayar mini da hankali. Ya miƙe sosai, ƙafafu a haɗe, hannuwa biyu a sake a gefe, lauje a ƙasa. Duk wanda ya yi aiki a ƙauye ya san wannan tsayuwa, ita ce wadda mutanenmu ke yi in ka ce musu a shirya za a ɗauka. Amma kuma ita ce tsayuwar da Baba ke yi in ransa ya ɓaci ƙwarai, sanda yake rasa abin faɗa. Na san ta tun ina yaro. Abin da zai raba gardama shi ne fuskarsa, ko murmushi ne ko ɓacin rai, fuskar kuwa ba ta fita ba. A ƙarshen zum na ɗauka, inda dattijon zauren nan ya gargaɗe ni cewa lens ɗin laushi yake yi. Ido biyu suna nan, gemu yana nan, bakin kuwa ya narke, wani lokaci in kalla in rantse dariya yake yi, in je in dawo in ga mutum ne da ɗansa ya kunyata shi. Da na sayi gajeren da ban sami hoton ba sam, da kuma ban shiga wannan hali ba. Na sayi dogon, ya kai ni har gaban Baba, ya kasa nuna mini abu ɗaya da nake bukata.

Kafin wani ya ce in sa a manhajar nan da ke gyara fuska, na gwada. Ta ba ni wani kyakkyawan tsoho mai fararen haƙora yana murmushi, Baba kuwa goro ya daɗe da rina nasa, tabon girar ma ta share shi. Na goge nan take. Kuma ba zan iya tura wa ɗayanku ya gwada ba, ai ƙara yaɗa abin da ya hana ne.

Na tambayi wani malami, na ce labarin abokina ne. Ya ce alkawari da aka sa Allah shaida ba abin wasa ba ne, abokin nawa ya tuba ya yawaita wa mahaifinsa addu'a da sadaka. Da na ce to hotunan fa, a goge ko a nuna wa uwar, sai ya ce faranta ran uwa ma babban abu ne, wannan kam sai abokin nawa ya duba zuciyarsa. Na dawo inda na fito.

Ga yadda abin yake juya mini. In na kai wa Inna, dole ta san na karya alkawarin mijinta kuma na yi mata ƙarya ido da ido, albarkar da ta sa mini ta zama ta ƙarya na karɓa. Wannan zan iya ɗauka, laifina ne. Abin da nake tsoro shi ne Baba ya fi ni sanin matarsa. In ta karɓa ta zauna da shi a kan tabarma kamar kakarmu fa, ɗan ganin da ya rage ya ƙare a kuka? Na zama ni ne na kawo gidanmu ainihin abin da ya ƙi taki, ya ƙi katin zaɓe, ya juya baya a bikin 'ya'yansa don ya hana. In kuma na goge, na cika masa burinsa ko da a makare, amma Inna za ta shiga duhu tana neman fuskar da ke cikin aljihuna, kuma in idon ya rufe babu gyara har abada. Wani lokaci ina cewa ai tsayuwar nan izini ce, ya gan ni ya tsaya mini, ya yi shiru wata takwas don ya bar mini zaɓi. Wani lokaci kuma in ce kai Auta, ɓarawo ne kawai kake nema wa kanka fatawa.

Makon jiya na je Funtuwa, inda ba wanda ya san shi, na wanke guda ɗaya babba, wanda yake dariya a kasuwa, shi ya fi fita. Ban sa masa firem ba. Yana cikin ambulan a jakar kyamarata, memorin ma yana ciki.

Don Allah 'yan'uwa, musamman waɗanda suka rasa iyaye, da iyaye mata da ke cikin zauren nan, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. In nuna mata sau ɗaya in karɓe in ƙona? In ta riƙe ta ƙi saki, da wane hannu zan ƙwace? In gaya wa Yaya mu yanke tare, ko hakan ƙara tona asirin Baba ne? Ko in ƙona duka in bar Inna da albarkar da ta sa mini, in ɗauki sauran ni kaɗai? Ku da kuke iyaye, in ɗanku ne ya yi muku haka, wanne za ku so ya yi bayan ranku?

Jibi Juma'a zan je Ketare. Likita ya ce da hantsi idonta ya fi gani, don haka da hantsi zan isa. Na sa ambulan ɗin a jaka, na sa ashana a ɗaya aljihun, kuma wallahi har yanzu ban san wanda zan fara cirowa ba.